Inda “Ƙila” Ta Faɗi: Tarken Saƙon Kimiyya a Kafafen Sada Zumunta

Ɗaliban adabi sun saba da tambayar abin da ke salwanta idan aka ɗauke zance daga wani zubi aka mayar da shi wani. Idan aka zuba waƙar baka a takarda, kiɗa da amshi da muryar mawaƙi duk a bakin ƙofa suke tsayawa. Idan aka mai da ƙagaggen labari fim, tunanin zuci na tauraro shi ke fara ɓacewa. Akwai wata hijira irin wannan da ke faruwa kullum a tafin hannunmu, wadda matarka ba su cika waiwayarta ba, wato yadda ake ɗauko sakamakon binciken kimiyya daga mujallar masana a mayar da shi gajeren saƙo a Facebook ko Twitter ko WhatsApp. An fi barin batun ga likitoci da 'yan jarida, alhali kuwa batu ne na harshe da salo, kuma kuskure a cikinsa yakan kai mutum gadon asibiti.

Ba ƙanzon kurege nake nufi ba. Saƙon da ya karaɗe wayoyin 'yan Nijeriya a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, babu wani bincike a bayansa, ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma ci rayuka. Abin da ya fi wannan wuyar kamawa shi ne bincike na gaskiya, wanda masana na gaskiya suka yi, aka buga shi a mujalla ta gaskiya, amma ya iso ga jama'a an sauya masa kamanni ba tare da an ƙara masa kalmar ƙarya ko ɗaya ba. Ragewa kawai aka yi.

Maƙalar kimiyya nau'in rubutu ce mai ƙa'idojinta, kamar yadda rubutacciyar waƙa take da ma'auni da amsa-amo. Tana faɗin tambayar da aka yi, da hanyar da aka bi, da yawan mutane ko dabbobin da aka gwada, da abin da aka samu, sannan kafin ta rufe sai ta juyo ta lissafa raunin kanta. Harshenta cike yake da kalmomin taka-tsantsan: ƙila, da alama, a cikin waɗanda muka gwada, ana buƙatar ƙarin bincike. Mai karatu na yau da kullum yakan ɗauke su a matsayin ƙumbiya-ƙumbiya ko tsoron faɗin gaskiya. A haƙiƙa su ne ma'aunin maganar. Su ke nuna iyakar gonar da mai bincike ya nome, domin kada wani ya je girbi a inda ba a shuka ba.

Shi kuwa gajeren saƙo ɗan'uwan kirari ne da karin magana. Twitter ya fara da haruffa 140, sai a watan Nuwamban 2017 ya ninka su zuwa 280. Facebook bai ƙayyade haka ba, amma yakan datse dogon rubutu bayan layuka kaɗan, idon mai karatu kuma ya riga ya gangara ƙasa. Zubi irin wannan yana son magana dunƙulalliya, mai saurin haddacewa, marar togaciya. Babu maroƙin da zai ce wa basarake ƙila shi giwa ne, ko kuwa shi giwa ne a cikin mutum ashirin da aka gwada. Kirari ba ya jure “ƙila”. Saboda haka idan maƙalar kimiyya ta shigo wannan ƙunci, abin da ake fara jefarwa don a sami wuri shi ne kalmomin nan na iyaka, tun da su ne ake ganin ba su ɗauke da labari.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na maganin haidiroksikulorokwin. Ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin da annobar korona ta rufe duniya, wata mujallar nazarin magunguna ta fitar da maƙalar wasu likitoci na birnin Marseille a Faransa ƙarƙashin jagorancin Farfesa Didier Raoult. Sun ba marasa lafiya 26 maganin, suka kwatanta su da wasu 16 da ba a ba su ba. Daga cikin 26 ɗin nan, shida sun fita daga lissafi kafin a kammala: uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina shan maganin saboda tashin zuciya. Da sauran 20 aka yi lissafin. Abin da aka auna kuma shi ne ko ana iya ganin ƙwayar cutar a majinar da aka lakato daga hanci a rana ta shida, ba wai ko mutum ya warke ko ya tsira da ransa ba. Ba a raba marasa lafiyar ta hanyar ƙuri'a ba, wasu daga cikin waɗanda aka kwatanta da su ma a wasu asibitoci suke. Mutum shida ne kacal aka haɗa wa maganin da azitiromaisin, su shidan kuma duk ba a ga ƙwayar a hancinsu ba a rana ta shida.

Duk wannan yana cikin maƙalar. Taken maƙalar da kansa ya ambaci cewa gwajin ba na ƙuri'a ba ne. Kowace irin suka za a yi wa binciken, an kuwa yi masa mai yawa, mai karatu mai haƙuri yana iya tsintar raunin daga cikin rubutun, domin zubin maƙala ya tilasta wa marubuta su ajiye shi a fili.

Washegari, 21 ga Maris, shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya wallafa saƙo a Twitter yana cewa magungunan biyu idan aka haɗa su suna da damar zama cikin manyan abubuwan da suka taɓa sauya tarihin likitanci. Idan aka ɗora wannan saƙo a faifan tarke, abin lura na farko shi ne bai rasa togaciya gaba ɗaya ba, tun da ya ce “dama”, ya kuma ambaci mujallar. Amma ya rubuta sunayen magungunan da manyan baƙaƙe, ya ajiye su a farkon jimla, ya rufe ta da tarihin likitanci baki ɗaya. Tsakanin wannan kai da wannan wutsiya, ƙaramar kalmar shakka ba ta da inda za ta yi numfashi. Mutum shida sun ɓace daga labarin sau biyu: shidan da aka cire daga lissafi, da shidan da a kansu kaɗai aka gina maganar haɗa magungunan. Lamba ta fita, kambamawa ta shiga gurbinta. Wannan shi ne aikin kirari, kuma saƙon ya yi shi da gwaninta.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Kulorokwin ba baƙo ba ne a Nijeriya, duk wanda ya girma kafin a sauya maganin zazzaɓin cizon sauro ya san ɗacinsa, da yawa kuma sun san ƙaiƙayinsa. Magani ne da ake saye a kemis na unguwa ba tare da takardar likita ba. A cikin makon nan da shugaban na Amurka ya yi ta ambatonsa, a taron manema labarai da kuma a Twitter, jama'a suka yi wa kemis-kemis tsinke, farashi ya tashi, hukumomin lafiya na Legas suka ba da sanarwar an kwantar da mutane saboda shan kulorokwin fiye da kima, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa kuma ta fito tana gargaɗi. A wasu ƙasashe masu cutar lupus, waɗanda rayuwarsu ta dogara da haidiroksikulorokwin, suka neme shi suka rasa. Magana zarar bunu ce, wannan kuwa an zare ta a gaban miliyoyin mutane.

Gyara ya zo, amma da tafiyar hawainiya. A watan Yunin 2020 babban gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya, mai suna RECOVERY, wanda ya raba marasa lafiya fiye da 4,000 ta hanyar ƙuri'a, ya nuna maganin bai rage mace-mace ba. Mujallar da ta buga maƙalar Marseille ba ta janye ta ba sai a watan Disamban 2024. Tsakanin saƙon da janyewar akwai shekara huɗu da wata tara. Wannan rata ba ta ba masu nazarin kafafen mamaki ba. Tun a 2018 wasu masana uku na jami'ar MIT suka buga nazari a mujallar Science a kan labarai kimanin 126,000 da suka yi yawo a Twitter daga 2006 zuwa 2017, inda suka ga labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu yaɗawa da kashi 70 cikin ɗari, na gaskiya kuma yakan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ya isa ga mutum 1,500. Dalilin da suka fi karkata gare shi shi ne sabunta: abin da bai yi kama da abin da aka saba ji ba shi ake ɗoki a tura. Duk marubucin ƙagaggen labari ya san wannan tun kafin a auna shi. “An gano magani” labari ne mai tauraro da nasara. “Ba a ga bambanci ba” ba shi da jarumi, ba shi da ƙololuwa, babu wanda zai tashi maƙwabcinsa da dare don ya faɗa masa.

Sai dai ɗora wa kafafen laifin duka rashin adalci ne, kuma tarke ne na ganin dama. A 2014 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani nazari da ya bi diddigin sanarwar manema labarai 462 da jami'o'i 20 na Birtaniya suka fitar a 2011 a kan binciken lafiya. An tarar kashi 40 cikin ɗari sun ba da shawarar da ta zarce abin da maƙalar asali ta faɗa, kashi 33 sun mai da abubuwa biyu da aka gani tare tamkar ɗaya ne ya haddasa ɗayan, kashi 36 kuma sun ɗauki abin da aka gani a jikin dabba suka yafa wa ɗan Adam. Ma'ana, tun a cikin gida ake fara zubar da “ƙila”, a ofishin da jami'a ta ɗora wa aikin tallata kanta. Kafin saƙo ya iso wayar mai karatu ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowane hannu kuma yana ɗan rage nauyin shakka don kayan su yi sauƙin ɗauka. Shi ma Raoult bai jira mujalla ba, ya riga ya bayyana sakamakonsa a faifan bidiyo a YouTube kwanaki kaɗan kafin maƙalar ta fito. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to amma daɗi da daidaito ba abu ɗaya ba ne, kuma mai bincike yana iya zama maroƙin kansa.

Akwai kuma hujjar da ta fi wannan ƙarfi, ita ce cewa zubin da ya kori shakka yana iya dawo da ita. A watan Afrilun 2019 wani masani mai suna James Heathers ya buɗe shafi a Twitter wanda aikinsa ɗaya ne tak. Yakan ɗauko kanun labarin da ke shelar an gano abin da ke warkar da kaza ko haddasa kaza, ya sake wallafa shi, ya ɗora masa kalmomi biyu da manyan baƙaƙe waɗanda ma'anarsu ita ce “a jikin ɓera”. Ba sharhi, ba zagi, ba dogon bayani. Cikin ɗan lokaci dubban mutane suka bi shafin. A ganina wannan yana cikin tarke mafi kaifi da aka yi wa rubutun kimiyya a zamaninmu, domin ya gane ainihin abin da aka cire, ya mayar da shi gurbinsa, ya kuma yi hakan da makamin kirarin kansa, wato gajarta da maimaici. Amshi ne, irin wanda 'yan amshi ke yi, sai dai maimakon ya ɗaga mawaƙi, sauko da shi ƙasa yake yi. Ya kuma tabbatar da cewa ƙarancin wuri ba uzuri ba ne. Kalma biyu ba su cika saƙo ba.

Tun kafin wannan an ga irinsa a babban mataki. Ranar 2 ga Disamba 2010 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kira taron manema labarai ta sanar cewa an sami wata ƙwayar halitta a tafkin Mono na jihar Kalifoniya wadda ke iya gina ƙwayoyin gadonta da sinadarin asanik, wanda guba ne, a maimakon fosfaras da duk wani mai rai da aka sani yake amfani da shi. Mujallar Science ce ta buga maƙalar. Da hakan ta tabbata, da an sake rubuta littattafan ilimin halittu. Bayan kwana biyu wata masaniyar ƙwayoyin halitta ta Jami'ar British Columbia a Kanada, Rosie Redfield, ta wallafa suka mai zafi a intanet, tana nuna cewa ba a tsabtace samfurin yadda ya kamata ba, kuma akwai ragowar fosfaras a abincin da aka ba ƙwayar. Masana suka ɗauki zancen a Twitter suna tattaunawa a bainar jama'a. Masu maƙalar da farko suka ƙi amsawa, suna cewa muhawarar kimiyya a mujalla ake yin ta. Redfield ta nemi ƙwayar, ta rene ta a ɗakin gwajinta, tana wallafa abin da take samu mataki-mataki, har da inda gwaji ya ƙi. A 2012 Science ta buga maƙaloli biyu da suka nuna ƙwayar tana buƙatar fosfaras kamar kowa, a watan Yulin 2025 kuma ta janye maƙalar asali, ko da yake marubutanta ba su amince da janyewar ba.

A wannan karon babbar hukuma da babbar mujalla su suka yi kirarin, kafar sada zumunta kuma ita ta riƙe “ƙila”. Abin da ya bambanta rubutun Redfield da saƙon kulorokwin shi ne ita hanya ta nuna, shi kuwa sakamako ya yi shela. Ta mai da binciken labari mai ci gaba, wanda mai karatu bai san ƙarshensa ba, ita ma ba ta sani ba. Ashe shakka ma tana da nata jan hankali idan an iya sarrafa ta, irin wanda ke hana mai sauraren tatsuniya barci.

Ambaton tatsuniya ya kawo mu ga Hausa, domin yanzu ana rubuta kimiyya da ita a waɗannan kafafe fiye da kowane lokaci, likitoci da masana aikin gona da ɗalibai suna yi, ga kuma saƙon murya da ke isa ga wanda bai iya karatun boko ba. Tatsuniya tana da ladabin da yawancin waɗannan saƙonni ba su da shi: tana buɗewa da alamar da ke gaya wa yaro cewa an shiga duniyar Gizo, tana rufewa da alamar an fito. Saƙon kimiyya na Hausa shi ma ya sami tasa mabuɗin, wato “bincike ya nuna” ko “masana sun gano”, amma wannan mabuɗi rufe tambaya yake yi. Wane bincike? Su wane ne masanan? A ina, a kan mutum nawa, ko kuwa a jikin ɓera? Jimlar ta ɓoye mai aikin ta bar ikonsa. Kalmar “nuna” kuma a kunnen Bahaushe ta gama magana, tun da gani ya kori ji. Ga kalmar “magani”, wadda ke ɗaukar abin da ke rage raɗaɗi, da abin da ke warkarwa, da abin da ake fatan zai yi aiki, duk a buhu ɗaya. “Ƙwayar cuta” ma haka, ta haɗa irin da magungunan kashe ƙwayoyi ke ci da irin da ba sa taɓawa, bambancin da ke raba shan magani daidai da shansa a banza.

Ba talaucin harshe ba ne ya jawo haka. Hausa tana da tsani mai matakai da yawa tsakanin jahilci da yaƙini: wai, an ce, ƙila, mai yiwuwa, da alama, ga dukkan alamu, lalle, tabbas. Kalmar “wai” ita kaɗai tana yin aikin da wasu harsuna sai sun gina jimla guda, tana cewa na ji amma ban ɗauki nauyi ba. Matsalarta ita ce ta sha gugar ba'a, har ta kai idan aka ce wai an sami rigakafi, mai sauraro yakan ji ƙaryatawa ce. Don haka marubucin kimiyya ba zai jingina da ita ba, sai ya hau matakan tsakiya, waɗanda ke nuna shakka ba tare da raini ba. Kuma masu sauraronsa ba baƙi ba ne ga irin wannan awo. Al'ummar da ta daɗe tana jin malamai a zaure suna rarrabe ingantacciyar ruwaya da mai rauni, suna tambayar wa ya ji daga wa, ba za a ce ba ta iya ɗaukar magana mai daraja-daraja ba. Marubucin da ya ce ya cire iyakokin bincike don talaka ya gane, raina talakan ya yi.

Ana iya gwada abin a aikace. Da za a rubuta sakamakon Marseille da Hausa a ranar da ya fito, ga yadda zai iya kasancewa: “Likitoci a Faransa sun ba mutum 26 wani magani. An cire shida daga lissafi, ɗaya a cikinsu ya rasu. A yawancin sauran ba a ga ƙwayar korona a hanci ba bayan kwana shida. Ba a auna ko sun warke ba. Ana jiran babban gwaji, kada a sha.” Wannan bai cika haruffa 280 ba. Yana da mutane a cikinsa, yana da mutuwa, yana da abin da ake jira, waɗanda su ne kayan da ake gina labari da su. Ba zai yi gudun saƙon shugaban ƙasa ba, wannan kam babu musu. Amma wanda ya karanta shi a Legas a makon nan yana da abin da zai tsaya ya auna kafin ya nufi kemis.